Jan Dutse a Gindin Tsamiya

Malam Arzika mutum ne da in ya kama bakin labari, sai dai kai ka gaji ka nemi hanya, shi kam ko a jikinsa. Ƙauyensu yana bayan Kucheri a ƙasar Tsafe, a gindin wani dogon dutse, kuma a saman dutsen nan ne kufan tsohon garinsu yake, inda kakanni suka zauna kafin zaman lafiya ya sa a sauko fili. Duk waɗanda suka san kufan nan sun riga mu gidan gaskiya, saura shi kaɗai. Ya san inda ƙofar ganuwa take, ya san kogon da ake ɓoye mata in mahara sun taso, ya san ramukan marina ɗaya bayan ɗaya.

Abu guda ne ba ya nuna wa baƙo, wato tsohuwar maƙabarta da ke tsakiyar hawa, gabas da wata tsamiya. A nan mahaifiyarsa Tambaya take kwance. Shi da hannunsa ya ɗauko wani jan dutse mai farin zane ya aza mata a wajen kai, lokacin yana saurayi, shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Ruwa da iska sun baje kaburburan tuntuni, ƙasa ta koma daidai wa daida. Duwatsun da ke warwatse a wurin su ne kaɗai shaida, kuma jan dutsen nan ne ke ce masa ga Inna duk ranar da ya hau yi mata addu'a.

Shekara biyu bayan canjin hannun tuƙin mota, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga Malam Bitrus malamin gona a kan babur ɗinsa. Daga Gusau yake zuwa yana koya wa mutanen ƙauyen zuba takin zamani, kuma sun shaƙu da Arzika har furar gidansa yake sha.

Ya ce, "Baba, mu al'adarmu ce ran Litinin bayan Ista mu fita daji shan iska. Bara Kwatarkwashi muka je, can ƙasar Bungudu. Bana na ce musu akwai wani dattijo da ke da tarihi a ka, ku zo ku ji da kunnenku."

To, an taɓo wa Arzika inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara hula ya ce su zo, ko su ɗari ne.

Ran Litinin da hantsi babbar mota ta sauke su daga Sabon Gari, maza kamar goma, mata sun kai talatin, 'yan zumuntar mata da zannuwansu iri ɗaya. Naomi matar Bitrus ce shugabarsu, mace mai kazar-kazar da ba ta iya ganin ƙazanta ta ƙyale. Sun zo da tukwane da tabarmi da tsintsiya, da tulunan da suke kiɗa da su. Naomi ta durƙusa har ƙasa ta gai da Arzika, ya ji daɗi ƙwarai.

Da aka kai tsakiyar hawa matan suka ce su kam a nan za su tsaya su ɗora girki, kaya sun yi nauyi. Arzika ya nuna musu inuwar tsamiya ta wajen yamma, inda wani fa, wato faffaɗan dutse, yake shimfiɗe sumul, ya ce su zauna nan, ga idon ruwa can ƙasa kaɗan. Ya so ya ƙara wata magana, sai ya ji nauyin bakinsa. Yaya za ka tari baƙi ranar murnarsu da zancen kabari? Kuma a ganinsa, wa zai ga duwatsu bibbiyu a ƙasa bai san mene ne ba? Ko akuyar ƙauyensu ta san wurin. Ya ja maza suka yi sama.

A can sama fa bakin Arzika ya buɗe. Ya nuna musu ragowar ganuwa, ya sa su sunkuya suka shiga kogo, jemagu suka tashi, wani akawu ya fito da gudu ba takalmi ɗaya. Ya nuna musu ramukan da mata suka niƙa hatsi a jikin fa har dutse ya lotsa. Bitrus yana ta rubutu a ɗan littafi, shi kuwa yana ƙara wa miya gishiri. Can ƙasa suna jin kiɗan tulu da waƙar mata, har Arzika ya ce ai kufai ya yi baƙi yau. Bai lura rana ta karkata ba, bai kuma tuna cewa in rana ta karkata, inuwar tsamiya gabas take komawa ba.

Sai bayan azahar suka sauko. Tun daga nesa ya ga fa ɗin da ya nuna musu ba kowa, rana na dukansa. Ya tsaya cak. Matan suna gabas da tsamiya. An share wurin fes, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, ƙasa ta daku da sawun masu rawa. Babu dutse ko ɗaya. Can gefe an tara su tuli guda, ga murhu huɗu a jere suna ci da wuta.

Ƙafafunsa suka ɗauke shi ba da saninsa ba har bakin murhu na biyu. Ƙarƙashin tukunyar shinkafa ya ga jan dutsen, rabinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi, muryarsa kamar ba tasa ba. "Ɗiyata, mi kunka yi?"

Naomi ta taso da murmushi, ludayi a hannu. "Baba, rana ce ta kore mu. Muka ga nan duk duwatsu, sai muka kwashe muka gyara muku wurin. Ai ya yi kyau ko?"

Arzika ya juya ga murhun. Mutumin da ya yini yana zuba, yanzu sai nuni yake da yatsa. Bitrus ya dubi tulin duwatsu, ya dubi filin, ya dubi tsohon. Ya daɗe yana yawo ƙauyuka, shi ya fara ganewa. Littafin ya suɓuce daga hannunsa.

"Naomi," ya ce a hankali, "maƙabarta ce."

"Wace maƙabarta? Ina kaburburan? Babu siminti, babu suna, babu..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi ƙafafunta da suka yi futu-futu da ƙurar rawa, ludayin ya faɗi. Waƙa ta mutu daga wannan tabarma zuwa waccan. Matan suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowace tana rasa inda za ta sa ƙafarta.

"Wancan jan," Arzika ya samu ya ce, "na mahaifiyata ne."

Naomi ta ɗora hannu a ka. Kafin kowa ya tare ta, ta ture tukunyar, shinkafa ta kife, ta sa gefen zaninta ta jawo dutsen daga wuta. Ya ƙone ta, ba ta saki ba. Ta rungumo shi ta shigo tsakiyar filin tana waige-waige, hawaye na zuba.

"Wa ya ɗauko wannan? Don Allah wa ya ɗauko shi?"

Wata mai suna Marta ta ce kamar ita ce, daga wajen saiwar can. Wata ta ce a'a, ita ta gan shi kusa da inda aka aje tuluna. Ta uku ta ce mutum biyu suka kama shi, amma ta manta daga ina. Suka duƙa suna laluben gurbi a ƙasa, to ina gurbi, bayan tsintsiya da ruwa da ƙafafu sittin sun bi ta kai?

Arzika ya koma gindin tsamiya ya tako yadda ya saba. A nan ne ya gane bai san nisan ba. Shekara arba'in yana zuwa, bai taɓa ƙirga taku ba. Me zai sa ya ƙirga, alhali dutsen yana nan yana jiransa? Ya yi taku goma ya tsaya, ya ƙara uku, ya dawo baya. Ko'ina iri ɗaya ne. Kabari ya fi arba'in a filin nan, kuma bai san ko a kan wa yake tsaye ba.

Naomi ta biyo shi a gwiwa, dutsen a ƙirjinta, tafin hannunta ya tashi. "Baba, ka nuna mini. Ka nuna mini in mayar da hannuna. In ban mayar ba, ba zan ƙara samun barci ba."

Ya dube ta. Yarinyar nan da ta durƙusa masa da safe, ba ta yi don mugunta ba, gyara ta yi. Shi ne ya san abin da ke wurin ya yi shiru. Ya ji tausayinta, ya ji haushin kansa, ya ji wani baƙin ciki da bai ji irinsa ba tun ranar da aka rufe Inna. Ya ɗaga yatsa ya nuna wani wuri kusa da ƙafarsa.

"Nan ne, ɗiyata. Aza shi nan."

Ta aza, ta goge baƙin hayaƙin da zaninta, ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. Sauran suka ɗebo duwatsu, yana nuna musu nan da can, suna ajewa suna neman gafara. Ba wanda ya ci abinci. Suka naɗe tabarmi suka sauka, Bitrus yana ta ba shi haƙuri. Arzika ya ce su yi gaba, yana tafe.

Da ƙarar motar ta ɓace, ya tsuguna gaban jan dutsen ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya kasa. Ya san ba nan ba ne, ko kuwa nan ne, Allah kaɗai ya sani. Ya tashi ya koma bakin filin inda babu kowa a ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya fuskanci wurin gaba ɗaya.

"Inna," ya ce, "ni ne Arzika. Ban san inda kike ba."