Sunan da Ya Fito daga Ƙwarya

Saura kwana tara a tashi tattakin Dassa aka fito da ƙwaryar sunaye bayan sujadar Lahadi. Mu a Tokanme haka muke yi tun kafin a yi wa cocinmu rufin kwano. Duk wanda zai yi tafiyar kwana ukun nan a ƙafa zuwa kogon Uwa Maryamu, ba kansa kaɗai yake yi wa ba. Malam Cyprien, malamin coci, yakan rubuta sunayen tsofaffi da majinyatan da ba za su iya takawa ba, ya nannaɗe, ya zuba a ƙwarya. Ka sa hannu ka zaro ɗaya. Wanda ka zaro, gidansa za ka je ka durƙusa a gabansa, ya ba ka carbinsa. Da shi za ka yi addu'a duk tsawon hanya, kuma duk kumburin ƙafa da yunwar da ka sha, domin shi ka sha su. In ka dawo ka mayar masa da abinsa. Ba musaya, ba sake zaɓe.

Léocadie mai sayar da garin rogo ta sa hannu a ƙwaryar nan sau goma sha tara. Tun lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke 'yarta Sènami tana goye ta yi wa Uwa Maryamu alwashin tafiya ashirin a jere idan yarinyar ta tashi. Yarinya ta tashi, har yanzu tana Bohicon tana ɗinki. Bana ce ta cikon ashirin, kuma Léocadie ta ɗinka sabon zane saboda ita. Ta zaro takardarta tana murmushi, ta miƙa wa malamin, don ita karatu bai taɓa haɗa hanya da ita ba.

Malam Cyprien ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya yi gyaran murya.

"Codjo Dossa."

Kowa a coci ya juyo ya dube ta. Ba wanda bai san labarin ba, domin yawancinsu da bakinsu aka yi shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijin Léocadie, Anicet, ya yanke jiki ya faɗi a gonar kashu, bai ko shura ba. Ranar jana'iza yayansa Codjo ya miƙe a gaban dangi ya nuna ta da yatsa, ya ce ita ta kashe shi. Shaidarsa? Carbin da Anicet ba ya taɓa cirewa daga wuyansa an neme shi an rasa. Codjo ya ce ita ta zare masa ta kai wa boka don a same shi babu kariya. Ya hana ta taɓa gawar, ya ƙwace gonar, ya watso mata tukwanenta waje. Matan coci kuwa, masu tsoron Allah, suka dinga matsawa in ta zauna a benci, suka daina sayen garinta shekara biyu cur. Yanzu Codjo na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, bakin da ya yi ƙazafin ma ya karkace, ba ya iya furta ko ruwa.

Ana tashi Léocadie ta tare malamin a gindin mangwaro.

"Malam, mayar da ita. Hannuna ya zame."

"Maman Sènami, hannu ba ya zamewa a ƙwaryar nan."

"To kai ka sa sunan? Wa ya aike ka?"

"Majinyaci ne, kuma ɗan coci ne. In cire shi?"

"Ɗan coci! Shaiɗan ma ai ya san ƙofar coci. Ba ni tsohuwa Afiavi, ba ni makahon bayan kasuwa, ba ni su biyun ma in haɗa. Amma in durƙusa a gaban wancan? Da gwiwoyin nan nawa?"

"In ba ki karɓo carbinsa ba, ba za ki shiga layi ba. Ba ni na kafa dokar ba."

"Sai in bi ku a baya. Hanyar ta ubanka ce?"

Malam Cyprien ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi zafi. "Ki bi. Amma ke da kanki kin san ba za ki ƙirga ta cikin ashirin ba. Kuma bari in gaya miki, shekara goma sha tara kina tafiya domin mutanen da kike so. Yawo ne mai daɗi. Bana ce ta farko da aka ce ki yi tuba."

Da ba a harabar coci suke ba, da ta gaya masa abin da kakarsa ba ta taɓa ji ba. Ta ja tsaki ta wuce.

Kwanakin nan tara Léocadie ta yi duk shirin da ta saba, amma kamar mai faɗa da kayan. Ta soya gyaɗa har ta ƙone ta. Ta auna garin guzuri ta zuba masa sukari. Kullum da yamma ta jiƙa ƙafafunta a ruwan gishiri mai ɗumi, ta murje su da man kaɗanya, tana yi tana zagi ƙasa-ƙasa. Da hantsi masu tafiya sukan taru su taka zuwa rafi su dawo don ƙafa ta saba, ita ce a gaba kullum, ta bar matasa suna haki. Addu'ar kwana tara kuwa tana zuwa, tana durƙusawa, amma in an zo wurin neman gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta kama bakinta gam har a wuce.

Tanti Honorine, shugabar matan coci, ta biyo ta rumfa ranar Laraba. Tana cikin waɗanda suka fara matsawa a benci a wancan lokacin, ko da yake yanzu ta manta, don irinsu ba su da wuyar mantuwa.

"Haba Léocadie, mutumin nan fa Allah ya riga ya kama shi. Ki yi haƙuri mana."

"Allah ya kama shi, ni kuma in je in sako shi?"

"Ke dai zuciyarki ta yi tauri. Abin da ya wuce ai ya wuce."

"Ya wuce a wurinki, Tanti, tunda ba tukwanenki aka watsar ba. Gari za ki saya ko wa'azi kika kawo? In wa'azi ne, na Malam ma bai ƙare mini ba."

Ranar Juma'a aka yi azumi, Fada, limamin coci, ya zo daga gari don jin furcin zunubi. Abin da ta faɗa masa ba wanda ya sani, amma ta daɗe a ciki, kuma ta fito idonta ja kamar gauta. Ba Codjo kaɗai take fushi da shi ba yanzu. Har Uwa Maryamu ta samu rabonta. Ta tsaya gaban mutum-mutuminta a kusurwar coci, ta riƙe ƙugu. "Sau goma sha tara ban saɓa miki ba. Da zazzaɓi na je, da takaba na je. Sai a ta ƙarshe za ki yi mini haka? Sunaye talatin a ƙwarya, ba ki ga kowa ba sai shi?"

Abin da ya hana ta sakat shi ne Sènami. Yarinyar tana da lafiya, tana dariya, an ma fara maganar aurenta. Léocadie ba ta yarda Uwa Maryamu na karɓe abin da ta bayar ba, amma kuma ba ta da ƙarfin zuciyar gwadawa.

Ana gobe tafiya, da la'asar, ta ɗaura tsohon zanenta, ba sabon ba, ta nufi gidan da ta rantse ba za ta sake takawa ba. Hanyar ta ratsa gonar kashun Anicet. Ciyawa ta kai ƙugu, itatuwan ba wanda ya sassabe su. An ƙwace mata gona don a bar wa macizai. Ta tofar da yawu.

Pélagie matar Codjo ce ta tare ta a tsakar gida, ta rasa inda za ta sa idonta. "Sannu da zuwa, Maman Sènami. Ki sha ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Yana ina?"

Yana kwance a tabarma, an jingina shi da bango. Ƙaton mutumin nan mai muryar da ake ji daga kasuwa ya zama ƙashi da fata, yawu na bin gefen bakinsa. Léocadie ta yi zaton in ta gan shi haka za ta ji daɗi ko ta ji tausayi. Ba ta ji ko ɗaya ba, fushin dai yana nan inda yake. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka bugi ƙasa da ƙarfi.

"Yaya Codjo, ga ni. Ka gan ni a ƙasa, abin da ka daɗe kana so. Ba don kai na zo ba, don 'yata na zo. Kuma tunda yau Allah ya rufe maka baki ya bar nawa, sai ka ji. Ka hana ni wanke mijina. Ka sa 'yarsa ta tashi ana ce mata 'yar mayya. Ni da na dafa maka sakwara shekara goma sha biyu, ka taɓa mutuwa? Kawo carbin in tafi."

Pélagie ta yi sauri ta ciro wani farin carbin roba daga ƙusa, irin na kasuwa. Sai Codjo ya yi wani gurnani, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture shi. Ya dinga nuna akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

"Me kuma? Ga naka nan," in ji Pélagie.

Ya buga tabarma da tafin hannu. Ya sake bugawa. Pélagie ta jawo akwatin tana ƙunƙuni, ta buɗe, tana fito da kaya yana girgiza kai, har ta kai ga wata tsohuwar safa da aka ƙulle bakinta. Nan ya tsaya. Ta kwance ta zazzage a tabarma.

Carbi ne na baƙin itace, ya sha hannu har yana sheƙi. A tsakiyar ƙwayoyinsa akwai shuɗin dutse guda ɗaya. Léocadie ce ta sa shi da hannunta, shekarar da wata ƙwaya ta fashe musu a hanyar Dassa, ta ciro dutsen daga sarƙar aurenta ta cike gurbin. Duk garin an yi ta tsokanar Anicet da cewa yana addu'a da kayan adon mata.

Pélagie ta dafe ƙirji. "Yesu! Codjo, a ɗakina? Shekara goma sha ɗaya?"

Léocadie ba ta yi ihu ba. Ta ƙura wa carbin mijinta ido. Ashe a wuyan gawar ƙaninsa Codjo ya zare shi, ya fito ya nuna ta da yatsa, abin yana aljihunsa. Kuma yau yana da farin carbi, da ya miƙa shi da ba wanda zai taɓa sani har a binne shi. Ya tura baƙin zuwa gabanta da yatsu biyu, hawaye na gangara ta ɓarin da ya mutu, idonsa a kanta bai kawar ba. Ya san sarai abin da ake yi gobe a ƙofar coci.

"Kada ka yi mini kuka," in ji Léocadie. "Ni na yi nawa ba ka gani ba." Ta ɗauki carbin ta tashi, ba ta yi sallama ba.

Washegari da sassafe masu tafiya suka jeru a ƙofar coci, kowa da ƙunshinsa a ka, gicciyen katako a gaba, duk gari ya fito rakiya. Kafin a ɗaga, kowa yakan fito ya ɗaga carbin da ya karɓo sama, ya kira sunan mai shi, jama'a su amsa. Da aka zo kan Léocadie ta fito cikin sabon zanenta, ta ɗaga hannu iya tsawonsa. Shuɗin dutsen ya fito fili.

Tanti Honorine ce ta fara gane shi, ta toshe baki da gefen ɗankwalinta. Sai tsofaffin matan suka soma taɓa juna. Léocadie ba ta sauke hannun ba. Ta juya a hankali, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka taɓa matsawa a benci, har sai da kowace ta sunkuyar da kai. Maganar da ta tanada shekara goma sha ɗaya tana kan harshenta, kuma ba mai ikon hana ta.

"Codjo Dossa," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Amsar jama'a ta fito a shaƙe. "Ubangiji ya ji ƙansa."

Malam Cyprien ya matso kusa da ita lokacin da layi ya fara motsi, ya yi ƙasa da murya. "Maman Sènami, kin yafe ke nan?"

"Ban yafe ba, Malam. Kada ka sa mini magana a baki." Ta gyara ƙunshin garinta a ka, ta naɗe carbin Anicet a hannu, babban yatsanta a kan shuɗin dutsen. "Kwana uku gare ni a hanya. Ka tambaye ni a Dassa."