Maƙalar Marke

Meram ta riƙo hannun Inna Yakaka ta sauko da ita daga napep, ido ɗaya a kan agogo. Sha ɗaya ta gota. Motar Kano ta ƙarshe ƙarfe biyu take tashi daga tashar Azare, kuma gobe da sassafe ake jiran tsohuwar a asibiti.

"A hankali, 'yar nan. Ba akuya kike ja ba," in ji Inna.

Inna Yakaka ƙanwar mahaifiyar Meram ce, ita ta raine ta a Chinade tun tana goye. Sankara ce ta kama ta a mama. An yi mata zagayen farko na kemo, maganin nan da ake ɗurawa ta jijiya, ta sha amai, gashi ya zube. Ana cikin haka sai rediyo ya kwashe mako guda yana shelar wai wani farfesa ɗan Katagum ya gano maganin sankara a sassaƙen marke. Shi ke nan, Inna ta ce ita da Kano sun yi hannun riga. Ranar zagaye na biyu ta wuce tana gida tana kurɓar jiƙo. Likita kuwa ya faɗa wa Meram ƙarara cewa in aka sake tsallake wannan, ƙullin zai wuce inda za a iya yin aiki. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa: sai ta ji daga bakin Farfesan da kansa cewa marken ba ya yi.

Farfesa Babayo! Shekara goma sha ɗaya Meram tana ƙarƙashinsa a sashen binciken magunguna na jami'a, ta san shi ciki da bai. Rabonsa da ɗakin gwaji tun ranar da aka zo ɗaukar hoto, ranar ma farar rigar aro ya saka, ko tumbin ba ta rufe ba. Amma sashen yana da al'adarsa tun kafin Meram ta zo. Duk wanda ya rubuta maƙala, sunan Farfesa sai ya shiga, ya karanta ko bai karanta ba, kuma dole a ambaci tsofaffin maƙalunsa goma a ƙarshe. Ko kan tsutsar cikin tumaki kake rubutu, sai ka nemo dabarar cusa su. Jerin yana wajen sakatariya a buge, tana miƙa maka kamar katin ɗaurin aure. Da haka bawan Allah ya tara maƙala ɗari biyu da sha huɗu, da ambato sama da dubu shida, har ana gayyatarsa taro ƙasashen waje ya je ya karanta abin da bai san inda aka dafa shi ba. Ita kanta maƙalar marken, Meram ce ta yi ta daga farko har ƙarshe. Sunanta ne na biyar.

Suka same shi a ofis ya juya baya, yana goge lambar ambatonsa a farin allon da ke bango yana rubuta sabuwa. Aikinsa ke nan na kowace Litinin, kuma wallahi bai taɓa fashi ba.

"Dakta Meram! Kin gani? An ambace mu sau uku daga China cikin mako guda."

Ta gani. Ta kuma san biyu daga ciki tsohon ɗalibinsa ne da ke karatu a can.

Inna ta ƙi kujera, ta zube a kan kafet tana jero gaisuwa, har da "Allah ya ƙara basira." Ran Meram ya ɓaci. Matar da ko gaban dagaci ba ta sunkuyar da kai, yau ita ce a ƙasa gaban wannan.

"Ranka ya daɗe, innata ce," Meram ta ce. "Sankarar mama gare ta, ta bar kemo saboda maƙalarmu. Na kawo ta ne ka gaya mata da bakinka ta koma asibiti."

"Assha, assha! Allah ya ba da lafiya, Hajiya." Ya zauna. "Wace maƙalar ke nan?"

"Ta marke."

"Marke..." Ya ɗaga kai yana kallon fanka. "Wadda muka yi da Abdulsamad?"

"Ta bara, ranka ya daɗe. Wadda aka yi hira da kai a kanta."

"Ƙwarai, ƙwarai! Ambato sittin da biyu. Maƙala mai albarka."

Wannan kam ya haddace.

Inna ta gyara zama. "Malam, ni ban yi boko ba. Tambayata ɗaya ce. Marken nan yana yi, ko ba ya yi?"

Kalma uku kacal ake nema a bakinsa. Farfesa ya tattare hannun babbar riga, ya yi gyaran murya irin ta taro.

"To, Hajiya, shi bincike hawa-hawa ne. Abin da muka samu mai ƙarfafa gwiwa ne matuƙa, masana a faɗin duniya sun shaida. Ba za mu ce a guji asibiti ba. Amma kuma ba za mu raina abin da Allah ya ajiye mana a dazukanmu ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, ta shafa fuska.

Meram ta ji kamar ta kifa masa tebur ɗin. "Ranka ya daɗe, a faranti fa aka gwada shi. Ƙwayoyin sankara ne a ɗan farantin gilashi. Ko ruwan sabulu ka zuba musu mutuwa za su yi. Ko ɓera ba mu ba shi ba, balle mutum. Don Allah ka faɗa mata haka da Hausa."

Fuskarsa ta canza. Ya juya harshe zuwa Turanci don kada tsohuwa ta ji, ya kuma rage murya.

"Kina so in zauna a ofishina in ƙaryata aikin da ke ɗauke da sunana? Gobe duk kasuwar Azare ta ɗauka cewa Babayo ya janye? Ni abin da kuka kawo mini na sa wa hannu, Dakta. In akwai matsala a ciki, ke kika san ta."

Ya dubi agogo, ya tuna yana da mitin. Har bakin ƙofa ya rako su yana ta addu'ar samun sauƙi, da murya mai daɗi, don a nan kam gwani ne.

Suka tsaya a inuwar bishiyar maina a bakin titi. Sha biyu da rabi. Inna sai murmushi take, tana gyara mayafi a kan kafaɗar da ke ciwo.

"Kin ji da kunnenki dai."

"Inna, mutumin nan bai san komai a kan marke ba. In kika nuna masa itacen a daji ba zai gane shi ba. Ko karanta takardar bai yi ba. Sunansa kawai aka liƙa, haka muke yi a nan. Ni na sassaƙo, ni na jiƙa, ni na gwada, ni na rubuta."

Inna ta juyo ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke?"

"Ni."

"Ikon Allah! To me ya hana ki faɗa tun farko, kika wahalar da ni zuwa nan?" Fuskarta ta washe gaba ɗaya. "Shi dama zuciyata ba ta gama kwantawa da shi ba, na ga idonsa yana yawo. Amma ke! 'Yar da ko ƙuli ta ɗauka a kwano sai ta zo ta kai ƙarar kanta? Ai ba za ki rubuta ƙarya ki aika wa duniya ba. Yanzu ne ma hankalina ya kwanta. Tsayar mana da mai napep mu koma Chinade."

Abin da Farfesa ya faɗa da Turanci gaskiya ne, shi ya sa ya yi wa Meram ciwo. Sau shida ta yi gwajin nan. Sau biyu marken bai yi komai ba. Sauran huɗun kuwa ya kashe ƙwayoyin sankara, ya kuma kashe lafiyayyun da ta ajiye a gefe, babu bambanci. Mujalla ba ta son labarin abin da bai yi ba, ita kuma maƙala ɗaya ta rage mata ta cika sha biyun da ake nema kafin ƙarin girma. Sai ta cire shafin da ya nuna duk wannan. Babu wanda ya sa ta, Farfesa ko dubawa bai yi ba. Jimlar da ɗan rediyo ya yi ta nanatawa ma, da hannunta ta rubuta ta, har tana jin daɗin yadda ta zauna. Shekara da shekaru tana yi wa mai babbar riga kallon banza, alhali shi ragwanci ne nasa. Wadda ta san komai ta ɓoye, ita ce.

Kunya ta rufe ta, amma ƙarfe ɗaya ta kusa, mota kuma ba ta jira.

"Ƙarya na rubuta, Inna."

"Kul! Kada ki ɓata kanki don kawai in hau mota."

"Wallahi tallahi. Marken yana kashe mai lafiya kamar yadda yake kashe mai cuta. Na gani da idona, na cire, don a buga takardar a ƙara mini girma. Ba magani ba ne."

Wata motar shanu ta wuce, Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Kina sane kika yi?"

"Ina sane."

"Halimatu Sadiya ta maƙwabta, mai irin ciwona, da hannuna na kai mata sassaƙen. Na ce mata daga wajen aikin 'yata ya fito."



Tsohuwar ta ɗaga hannunta mai lafiya ta tsayar da napep da kanta. Ta shiga a hankali, ba ta yarda an taimake ta ba.

"Tasha, wajen motar Kano," ta ce wa direban.

Meram ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Inna ta ɗauki jakarta ta ɗora a kan kujerar da ta rage, tana kallon gabanta.

"Na san hanyar asibitin," ta ce. "Koma bakin aikinki, Dakta."