Matashin Laftof ɗin Baba

Minti ashirin. Iyakar abin da laftof ɗin Baba ke yi ke nan a gidanmu, sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, fankarta ta yi ta huci, ta mutu ɗif. Ni kuwa ranar Alhamis ina da jarrabawar neman gurbin karatun jinya ta intanet, awa biyu cur, kuma wanda ya fita a tsakiya ya fita ke nan. Shekara biyu ina jiran wannan dama, don haka tsoro ya kama ni ba kaɗan ba.

Na kai ta wajen Sebastian, mai gyara a bakin kasuwa. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya ɗora ta kan teburinsa ya kunna. Awa uku tana aiki lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

"Mutmainna, wannan laftof ba shi da matsala fa," ya ce. "Ka kai shi gida."

Na kai ta gida, minti ashirin ta mutu. Sau uku ina wannan zirga-zirga a keke, har Sebastian ya fara yi mini kallon mai ƙarya. Mama ta ce wutar unguwarmu ce, alhali ko da batir mutuwa take. Goggo Raliya, mai kawo mana nono daga Ashige, ta ce baki ne, a yi mata hayaƙi. Kaina ya ɗaure tamau, har na fara zargin hannuna.

Ranar Laraba Sebastian ya gaji ya biyo ni gida. Ya gaida Baba a falo, na ajiye laftof a mazauninta, sai na ga ya yi turus.

Abin da ban taɓa tunanin gaya masa ba shi ne, tun da Baba ya sa aka zuba masa Alƙur'ani gaba ɗaya a cikinta ya kafa doka: ba ta taɓa ƙasa, ba ta hawa tebur tsirara. Mama ta ɗinka mata matashi mai laushi, a kai take zama har ta nutse. Mun saba, ba ma ko ganinsa.

"Baba, ta ƙasa ne iska yana shiga," in ji Sebastian. "Kun toshe masa hanci. A sa shi kan tebur kawai."

"Ɗana, teburin da ake cin tuwo? Da Alƙur'ani a cikinta?"

"To a cire shi zuwa gobe."

"A cire a kai shi ina?"

Sebastian ya sosa kai. Ya tambaya ko in an kashe ta ma Alƙur'anin yana ciki, Mama ta ce ita ma abin da ba ta gane ba ke nan. Suka kama wannan muhawara, ni ina tsaye hawaye na neman zubo mini. Haushin Baba na ji sosai.

Da safiyar Alhamis, saura rabin awa a fara, Baba ya shigo riƙe da ɗan katakon nan mai buɗewa da yake ɗora Alƙur'aninsa a kai. Na kakanmu ne, da shi ya zo daga Kano, kuma babu mai taɓa shi a gidan. Ya buɗe shi, ya ɗora laftof a kan bakunansa biyu, ƙasanta a sarari.

"Nan ya dace da ita," ya ce, ya fita.

Minti ashirin suka wuce, awa ta wuce, fanka na juyawa a hankali. Na amsa tambaya ta ƙarshe na tura, na fito da gudu in gaya masa. Na same shi a zaure kan tabarma, rungume da Alƙur'aninsa a ƙirji. Tun fitowarsa bai sami inda zai ajiye shi ba.

"Ta mutu?" ya tambaya.

"Ba ta mutu ba, Baba."

"To, maido mini katakona, hannuna ya sage."