Baƙuwar Bangon Inna Batula

Shekara huɗu Gazali yana rubuta "Allah Ya kiyaye hanya" a bayan motocin tashar Tambuwal, ba wanda ya taɓa kiransa mai zane. Mai fenti ake ce masa. Abin na cin ransa.

A waya ya ci karo da aikin wasu masu zanen Indiya na yanzu, masu ɗauko salo daga zanen tsofaffin kogunansu da tsayuwar 'yan wasan kwaikwayonsu na dauri: ido dogo, ƙugu a karkace, kowane yatsa da maganarsa. Tun daga nan ya daina ganin kowa da gashi.

Da Inna Batula mai tuwo ta ba shi bangon shagonta, ya ce ranarsa ta zo. Malam Rufa'i, mai wata makaranta a Kebbe, nan yake cin abinci duk ranar kasuwa, ya kuma yi alkawari in bangon ya yi kyau, Gazali ne zai zana zauren makarantarsa.

Ya zaɓi hoton wata mace mai miƙa kwano. Ya sa aka buga ta a babbar takarda, ya bi layukan da gawayi, ya kifa takardar a bango ya murza. Kwana uku yana shafa launi.

Ranar kasuwa aka yaye buhun da ya rufe ta. Gazali ya koma gefe, yana jiran jahilai su buɗe baki.

Maccido direba ya daɗe yana kallo.

"Inna, wagga baƙuwa taki, wa ya rene ta?"

"Mi ta yi?"

"Da hagu taka miƙo muna tuwo."

Tasha ta kwashe da dariya. Kifa takardar nan ya juya hoton, dama ta koma hagu, shi kuwa hankalinsa na can kan lanƙwasar yatsu.

"Ba ku gane ba," in ji Gazali. "A wasansu, kowane yatsa..."

"Mun gane, Malam Ba'indiye," in ji Maccido. "Ko karen gidanmu ba a ba shi da hagu."

Malam Rufa'i ya suɗe kwanonsa, ya wanke hannu, sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon sau ɗaya.

"Ɗiyan mutane nika koya ma ladabi, Gazali," ya ce. Ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Kebbe.

Inna Batula ko duban Gazali ba ta yi ba, tana kwasar tuwo.

"Ɗan nan, shafe min ita kafin azahar, kada ta kore min mutane."

Ya tsoma burushi cikin farin fenti. Maccido ya jawo benci ya zauna kallo.