Direban Amare na Woodbridge

Duk amaryar da aka ɗaura wa aure a cocin 'yan Kaduna da ke Woodbridge, Baba Kambai ne ke tuƙa ta zuwa wurin liyafa. Tun yana jan tirela tsakanin Kafanchan da Legas ake yaba hannunsa. Ya zo Amurka ya kama tasi, sunan bai faɗi ba. Sai ga autarsa Yashim ta kawo miji: Bastien, Bafaranshe ɗan tseren mota, wanda ya fara da ƙananan motoci tun yana yaro, yanzu kofuna sun cika masa falo.

Kambai ya daure, har ranar da matarsa Constance ta ce a gaban mutane, "Ranar biki ai ango ne zai ja motar. Mun samu direba na gaske."

"Na gaske? Mu na roba ne? Mutum yana zagaya fili ɗaya, ba rami, ba shanu, ba ɗan sanda, a ce masa direba!"

Da Bastien ya zo gaisuwar iyaye, Kambai ya ce shi zai ɗauko shi daga filin jirgi, Yashim ta raka shi. Suna hawa babban titi ya ba motar wuta. Yana shiga tsakanin manyan motoci yana satar kallon baƙon.

"Baba, a hankali," in ji Bastien, da 'yar Hausar da Yashim ta koya masa.

Daɗi ya kama Kambai. "Yashim, gaya masa nan ba talabijin ba ne!" Ya ƙara taka ta.

Shuɗiyar fitilar 'yan sanda ta bayyana a madubi. Alƙalin jihar Virginia kuwa bai san Kafanchan ba. Ya karɓe lasisin har bayan biki.

Ranar auren Kambai na kujerar baya, babbar riga ta sha guga, Bastien na tuƙi kamar kunkuru, har wata tsohuwa ta wuce su tana danna ham.

Yashim ta waiwayo tana dariya. "Baba, ya ce shi a wurin aiki kawai yake gudu."

"Tsoro ne," Kambai ya ce ƙasa-ƙasa.

"To karɓi sitiyarin mana, Baban Yashim," in ji Constance.

Ya juya kansa wajen taga. A ƙofar wurin liyafa matan coci suka taso da guɗa suna "Ga direba! Ga direba!" Kambai har ya fara ɗaga hannu, sai ya ga ƙofar gaba suka nufa.