'Yan Kaɗan Ne

Duk shekara, da an gama girbin shinkafa, kafin a sako ruwan noman rani, Abdulrauf yakan zo rugar Gidaɗo a kan babur. Ma'aikaci ne a ofishin tsara filaye, kuma shi ke haɗa rahoton shekara da ake aikawa Kano: wane fili ake nomawa, wanne aka gine, wanne aka ware wa dabbobi, ana amfani da shi ko an bar shi. Gidaɗo bai san nauyin wannan aiki ba sai daga baya. Shi dai a wurinsa baƙo ne mai ladabi, mai cire takalmi kafin ya hau tabarma, mai shan furar Adama matar Gidaɗo har ya suɗe ludayi.

Abin da ke kawo shi burtali ne, hanyar shanun da ta taso daga bayan ruga, ta ratsa gonakin tumatir, ta sauka mashaya a bakin kanal ɗin ruwan noman rani. Garken Gidaɗo ba shi da wata hanyar zuwa ruwa sai ita.

"Baffa, yaya burtali?" Abdulrauf zai tambaya, bayan an gama gaisawa.

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

Alhali manoma na cinsa ta gefe, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Amma me zai ce? Mutum ya zo gidanka, ko ruwa bai gama sha ba, ka tare shi da ƙorafi?

"To shanu nawa ke bi ta nan?"

A nan Gidaɗo yakan kau da kai, ya ɗan tsinci kara a ƙasa. "'Yan kaɗan ne, Malam."

Duk wanda ya tashi tsakanin Kura da Bunkure ya san ma'anar wannan amsa. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Akwai kambun baka, akwai tsohon tsoron jangali da aka gada, akwai kuma kunya tsagwaronta, don mai faɗin abin da ya mallaka ba shi da tarbiyya. Ko garkensa ya tare titi har direbobi sun gaji da hon, 'yan kaɗan ne. Abdulrauf ba daga wata uwa duniya aka aiko shi ba. Ɗan Madobi ne, a hannun Fulani uwarsa ke sayen man shanu. Sai ya yi murmushi, ya rubuta, ya fita ya ɗauki hoton burtalin da wayarsa. Kuma kullum ba kowa a kai, domin a wannan lokacin shanu na can cikin gonakin da aka girbe suna cin tattakar shinkafa, maruƙa ne kawai a gida.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ana sha, ana dariya, ana sallama.

Wata safiya cikin rani Lukmanu, ɗan Gidaɗo da ke riƙe da garken, ya komo da shanun tun rana ba ta yi zafi ba. Bakinsu a bushe, suna ta waiwayen hanya.

"An rufe, Baffa. An kafa turakun siminti, an ja waya."

Gidaɗo ya ɗauki sanda ya je ya gani da idonsa. Tarakta ta riga ta bi ta kan burtalin, ta kife ƙasar da kofato ya daddale tun zamanin kakansa. Leburori suna ta gyara fangali za a dasa tumatir. Ga kanal can yana sheƙi, cike fal, har yana jin ƙarar ruwan. Ya tambayi leburorin wa ya sa su, suka ce su dai an ce an raba wurin, da takarda.

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau mota zuwa ofishin. Ya daɗe a kan benci kafin a ce ya shiga. Abdulrauf ya miƙe da sauri, ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo ruwan leda. Ladabin nan dai na nan, bai ragu ba, kuma shi ya fi ƙona wa Gidaɗo rai.

"Baffa, wallahi ba ni na raba ba. Daga sama aka duba rahotannin. Aka ga shekaru a jere ana cewa dabbobin da ke bin hanyar kaɗan ne, ga hotuna ba ko akuya. Suka ce fili ne da ba a amfani da shi, aka mayar da shi na noma."

"Wa ya ce musu kaɗan ne?"

Abdulrauf ya sunkuyar da kai. "Kai ka faɗa, Baffa."

"Ka san ba a faɗa."

"Na sani."

"Ka sani, ka rubuta."

"Abin da mai wuri ya faɗa da bakinsa shi aka ce mu rubuta. Da na sa wani abu daban, cewa za a yi na ƙirƙira."

Gidaɗo ya dube shi. Yaron nan ya ga garken da idonsa ranar sunan jikan Gidaɗo, sai da ya tsaya da babur shanu suka gama wucewa. Yanzu ga shi yana magana kamar ranar ya fara ganin saniya.

Sai Gidaɗo ya yi abin da ubansa bai taɓa yi ba, kakansa ma bai yi ba ko a gaban masu jangali. Ya buɗe baki ya faɗi yawansu. Ya faɗi na tatsa, ya faɗi karsana, ya faɗi bajimai, har maruƙan da aka haifa da damina. Ko Adama ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Yana faɗa yana jin kamar ana tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa, ga masinja a tsaye, ga wata mata mai buga takarda ta daina bugawa tana kallonsa.

Abdulrauf ko biro bai ɗauka ba.

"Baffa, rahoton bana ya riga ya tafi. Kuma wurin ya fita daga jerin burtali, ba za a sake tambaya a kansa ba. Sai dai ka sa a rubuta maka koke, in Allah ya yarda mu saka shi a na baɗi."

"Baɗi," in ji Gidaɗo. "Jiya ba su sha ruwa ba."

Ya miƙe, ya bar ruwan ledar a kan tebur.

Gidaɗo da Lukmanu suka gwada zagayawa ta bakin titi, amma ko'ina tumatir ne da albasa, saniya ɗaya ta kauce sai a yi kiran 'yan sanda. Suka gwada jan ruwa a rijiyar gida, ta ƙafe kafin rabin garken ya sha. Kafin sati ya zagayo Lukmanu ya ɗaure kayansa a bayan bajimi, ya kora shanun ya yi kudu, inda ake ta kawo labarin masu satar shanu. Gidaɗo ya raka su har ƙarshen gonarsa ta gero. Tsufa ba zai bar shi ya wuce nan ba. Ya tsaya yana kiran sunayensu a hankali, wasu na waiwayowa.

Da ya komo ya tarar da Adama zaune a ƙofar ɗaki, ƙwarya a gabanta, ta dama gari ta mulmula fura kamar kullum, don masu saye na jiranta a Kura.

"Malam," ta ce, "in za ka shiga gari gobe, ka sayo mini madarar gari. Ta gwangwani, an ce ta fi kama da nono in ta kwana."