Takardar Tara-Tara

Shekara goma sha takwas ina koyar da lissafi a sakandare kafin na koma jami'a yin digiri na biyu, irin na malamai, kowace Asabar. Mu ashirin ne a ajin, duk manya, mun matse a kujerun ɗalibai kowa na ji da kansa. Ni kuwa na fi kowa ji.

Asabar ta uku Dokta, malaminmu, ya rubuta a allo: 0.999… = 1. Ya ce, "Wa ya yarda?"

Na yi dariya har da buga tebur. Shi kuwa sai ya koma allo. Ya rubuta ɗaya bisa uku daidai yake da 0.333…, sannan ya ninka kowane ɓangare sau uku. Layi biyu kacal. Ga ɗaya a hagu, ga tara-tara marasa iyaka a dama.

Wallahi nan take dariyata ta ɗauke. Ba kunyar aji ce ta kama ni ba. 'Yar yayata na tuno, wadda na riƙa tun tana shekara biyar.

Tana aji huɗu, ina koyar da su, ta rubuta wannan amsar a jarrabawa. Ni kuma yadda nake duba takardu, jerin amsoshi a hagu, jan biro a dama, layin ƙarshe kawai nake kallo. Na zabga mata sifili, na karanta wa aji, aka yi ta shewa. Daga ranar sunanta ya koma Tara-Tara, har a gida. Zango na gaba ta bar ajin kimiyya, ni kuma na ce wa uwarta kanta ne ba ya ja.

Ban jira an tashi daga ajin Dokta ba, na nufi shagonta na ɗinki. Na same ta da tef a wuya, tana yanka yadi.

"Anti, lafiya? Kamar an koro ki."

"Amsar nan taki ta tara-tara," na ce. "Daidai ce. Yau aka nuna mana."

Na ɗauka za ta ce ta manta. Sai ta ajiye almakashi, ta jawo aljihun kekenta, ta lalubo wata takarda a ƙarƙashin zare, duk ta yi laushi don ninki. Ga sifilina nan, ƙato, har da zane biyu a ƙasansa.

"Juya, Anti."

Na juya. Layi biyun Dokta ne a bayan, da rubutun yarinya, babu ɗigon jan biro ko ɗaya.

"Me ya hana ki nuna mini?"

"Na kawo miki ɗakin malamai washegari," ta ce, ta ɗauki almakashinta. "Kika ce in ba ki wuri, kina da takardu hamsin da ba ki duba ba."